Mai Jegon da Ta Ɓace Mana Tsakanin Gida Biyu

Ranar sunan ɗan Yaya Mairo na ji ku. Kuna gindin murhu kuna tuƙin tuwo, kun ɗauka ban shigo ba. Wata a cikinku ta ce aikin Dija ai ba aiki ba ne, yawo ne gida-gida da riga mai aljihu, ana ba ta ruwan sanyi tana kwasar gulmar unguwa. Wata ta ce in santar ta sake ɗibar mutane ita ma za ta shiga, tunda takardar lise, wato sakandare, ba ta kai ta ko'ina ba. Ban tanka muku ba, don a ranar bakina bai dawo daidai ba tukuna daga abin da ya faru a unguwar Hausare. Yanzu na zauna in rubuta muku. Wadda ta karanta ta ga har yanzu tana so, bismillah, muna neman hannu.

Ni rale ce. Haka ake kiranmu a santar, wato asibitin unguwarmu a nan Garwa: mai kai-komo tsakanin asibiti da gidajen mutane. Ba na rubuta magani, ba na allura, ba na karɓar haihuwa. Kayan aikina duka jaka ɗaya ce. Akwai tsinken auna zafin jiki. Akwai igiyar awo mai launi uku da ake zagaya wa yaro a damtse, in ta tsaya a kore lafiya, in ɗorawa a sa ido, in ja a ɗauke shi a tafi. Akwai gishirin gudawa, da ƙwayar tsabtace ruwa, da sabulu. Sai waya, wadda ta fi sauran duka, domin rale da wayarta ta mutu ba ta da bambanci da baƙuwar da ta shigo gaisuwa. Takalmi kuma ku nemi mai igiya. Silifas ɗina na farko a lungun Yelwa ya tsinke, na ƙarasa ranar da ƙusa a ƙasan ƙafa.

Dada Hawwa ce ta koya mini aikin. Tsohuwar Bafulatana ce, ta yi rale tun kafin a fara ba mu riga. Gidan farko da muka shiga tare, tun daga bakin ƙofa na hango yaron da muka zo dominsa, wuya kamar na tulu da ciki a gaba. Na sa hannu a jaka zan ciro igiya, ta dafe mini hannu. Muka zauna. Ta gaida tsohuwar gidan da Fulatanci har gaisuwa ta ƙare, ta tambayi akuya, ta sha ruwa. Sannan ta ce a tara mata yaran gidan duka, ta fara aunawa daga wani ƙato mai kumatu, tana yi masa tsiya wai igiyar gwamnati ba ta isa zagaye shi ba. Ana dariya ta iso kan ramammen, ta auna shi kamar kowa, ba ta ce komai ba. Sai da uwarsa ta rako mu zaure ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Washegari uwar ta kawo shi santar da ƙafarta. A hanya Dada ta ce da ni: “In kin kunyata uwa a gaban surukarta, yaro ne zai biya.” Wannan ba a koyar da shi a horon da ake ba mu a ɗaki mai allo.

Shekarar da kogin Binuwai ya cika ya shigo gidaje, amai da gudawa ya biyo bayansa, a nan na san mene ne aikin taro. Baranda ta cika da mutane a tabarmi. Majo, wato babban malamin jinya mai riƙe da santar, yana neman jijiya a hannuwan da suka bushe. Madam Rozin ungozomarmu ta bar ɗakin haihuwa tana rataya ledar ruwa a ƙusoshin bango. Mai shara yana bi da ruwan magani, kuma in ya tsaya na ɗan lokaci dukanmu muna cikin haɗari, har Majo. Gwaggo Asta, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ita ke zama da dangin wanda ya rasu tana lallashinsu kan yadda za a yi wa gawa wanka ba tare da cutar ta bi masu wankan gida ba. Mu rale muna cikin lungu da ruwa har gwiwa, muna zuba ƙwaya a randuna. Ba wanda aikinsa ya isa shi kaɗai. Wanda Majo ya ceto da ledar ruwa, in ya koma ya sha randar da ban zuba wa ƙwaya ba, jibi zai dawo.

A shekarar ne Majo ya kafa mana wata doka a zaman da muke yi kowane mako a baranda. Ƙarami ke fara magana. Da can shi yake buɗe baki, kuma da zarar ya faɗi ra'ayinsa sai kowa ya ce haka ne Majo, ko da mutum ya ga akasin haka da idonsa. Kun san mu, ba a musu da babba. To sai ya juya abin. Mai shara ya fara, sai rale, sai mai ɗakin magani, sai Gwaggo, sai Madam, shi a ƙarshe. In ka ce ba ka da abin faɗa, ya ce ka faɗi ko abin da bai kai faɗa ba.

Abin da bai kai faɗa ba, shi na faɗa a zaman da ya gabaci sunan ɗan Yaya Mairo.

Na ce: “Majo, akwai wata mai jego a layina, Ramatu matar Sale mai albasa. Na je duba ta sau da dama, ɗakin a kulle. Maƙwabta sun ce ta tafi wanka gidansu. Haihuwar fari ce.”

Wannan ba labari ba ne a wajenmu. Mace ta haihu na fari, a kwashe ta zuwa gidan iyayenta, a yi mata wankan jego har arba'in, sannan a maido ta. Kowa ya sani. Abin da ba a lura da shi ba shi ne gidan iyayen sau da yawa yana wata unguwa, ƙarƙashin wata santar. Mu mun ce ta tafi, ba tamu ba ce yanzu. Su can ba su san ta zo ba, don ba a wajensu ta yi awo ba. Mai jego a kwanakin da ta fi bukatar ido, sai ta zama ba ta kowa ba.

Usumanu mai ɗakin magani ne ke bina a layi. Ya sosa ƙeya ya ce: “Sale mai albasa? Dogo, mai hular da ta fi kansa? Ai ya zo wajena yana neman maganin tari. Na ce wa ke tari, ya ce mai jego ce, tarin ba ya barin ta kwanciya, a zaune take barci. Na ce ya kawo ta a gani, ya ce ai tana gidansu. Ban ba shi ba, ya tafi.”

Gwaggo Asta ta ce ta san gidan. “’Yar Alhaji Bala ce mai atamfa, a Hausare. Gidan fatake ne na asali. Uwarta ta rasu, kakarta Hajiya Kande ke riƙe da cikin gida. Ita ce mai wankan rabin matan layin.”

Madam Rozin ba ta jira a zo kanta da kyau ba. ’Yar wajen Figil ce, Hausarta ta kasuwa ce, amma tana isar da saƙo. Ta ce: “Ni na karɓi haihuwarta. Tansiyonta ya hau a ƙarshen ciki, hawan jini. Na ce ta dawo in sake aunawa, ba ta dawo ba. Majo, mai jego da ke barci a zaune ba tari ke damunta ba. Zuciya ce.”

Majo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga waya ya kira majon santar da ke riƙe da Hausare, ya nemi izinin shiga yankinsa, ya samu. Ya ce ni da Gwaggo mu hau moto, wato babur, yanzu, Madam ta ƙarasa matar da ke kan gwiwa ta jira kirana.

Hantsi ya yi zafi lokacin da muka isa. Tun daga zaure ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya ya tare mu. A tsakar gida ga babbar tukunya a kan wuta, ruwan wankan yamma an riga an ɗora. Muka gaida Hajiya Kande yadda Dada ta koya mini, a durƙushe, har gaisuwa ta ƙare, ko da yake ina jin tarin daga cikin ɗaki.

Gwaggo ta ce: “Hajiya, barka muka zo, mun makara. A nuna mana angon.”

“Ango na barci, uwar ce ke ba ni wahala,” in ji Hajiya. “Sanyi ya shige ta. Yaran yanzu ruwa ya ɗan yi zafi sai su hau kuka kamar ana yanka su. Na ƙara mata kanwa a kunu, na sa garwashi ƙarƙashin gado. Zai fita.”

Ba mugunta ba ce, ku riƙe wannan. Matar nan da hannunta ta wanke mata da yawa, sun tashi garau, wasunsu iyayenku ne. Abin da ta sani shi ne kumburi sanyi ne, maganin sanyi kuma zafi da kanwa. Abin da ba ta sani ba, kanwa gishiri ce, gishiri kuma ruwa yake tarawa a jiki, zuciyar da ta gaji da ciki da haihuwa ba ta iya tura shi. Kowane kofin kunu da ta ba jikarta don ƙauna, ruwa take ƙara mata a ƙirji.

Na shiga ɗakin. Taga a rufe, zafi kamar gidan burodi. Ramatu na zaune a kan gado ta jingina da bango, an tara mata matasai. Na san ta tun a lise, tana ajin ƙasa da ni, siririya mai yawan surutu. Ƙafafun da na gani kamar turmi suke. Na danna yatsa a ƙwaurinta, ramin ya tsaya bai cike ba. Leɓenta ya yi duhu. Ta ce, “Dija,” ta tsaya ta ja numfashi, “kin zo,” ta sake tsayawa. Magana biyu ba ta haɗuwa a bakinta.

Na kira Madam. Ban yi mata dogon bayani ba, don an koya mana abin da kunnenta ke jira: ƙafa, numfashi, leɓe, yadda take zaune.

Ta ce: “Kada ki bari a kwantar da ita, ko wa ya ce. Sauko da ƙafafunta ƙasa. Buɗe taga, fitar da wuta. Kada ta sha komai. Ina zuwa.”

Fitar da kaskon garwashi daga ɗakin mai jego a gaban kakarta ba ƙaramin abu ba ne. Gwaggo ce ta ɗauke shi da kanta, tana cewa, “Hajiya, bari in gyara miki wutar nan a waje, ta fara hayaƙi.” Hajiya ta bi ta da ido, ba ta yarda ba, amma ba a ƙwace kasko a hannun babbar mace.

Madam ta iso a bayan moto da jakarta. Ta saurari bayan Ramatu, ta auna tansiyon, ta kira Majo suka yi magana da Faransanci a gurguje, ta yi mata allurar da ke sa jiki ya zubar da ruwa. Sannan ta ce wannan tsayar da ita kawai zai yi, dole a kai ta babban asibiti inda akwai iskar da ake sa wa mutum a hanci. Majo ya riga ya turo keken asibiti mai ƙafa uku, yana kuma kiran can a shirya gado.

Hajiya Kande ta tsaya a bakin ƙofa ta cika ta. “Mai jego ba ta fita. Ko rabin arba'in ba ta yi ba. Ku fitar da ita iska ta buge ta, ido ya gan ta, ku ce me? Ku yi allurarku a nan.”

Ni da na ce in yi bayanin zuciya da gishiri, da mun kai la'asar. Madam ba ta yi bayani ba. Ta cire abin sauraro daga wuyanta ta ce: “Mama, ke kin fi ni sanin jikin mace. Zo ki ji, ki gaya mini ko sanyi ne.” Ta maƙala mata a kunne, ta fara ɗora shi a bayana ta ce in ja numfashi. Sannan ta ɗora a bayan Ramatu, can ƙasa.

Fuskar tsohuwar nake kallo. Ta daɗe tana ji. Ta ce a mayar bayana, aka mayar, ta ce a koma na jikarta. Da ta cire, muryarta ta sauka.

“Kamar tukunya ta fara tafasa.”

“Ruwa ne, Mama. Yana hawa.”

Ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙafar Ramatu. Can ta ce: “Ni na ji. Amma fita ba a hannuna take ba. Ku tambayi maza.”

A nan ne aka kusa rasa ta, kuma ba don wani ya ƙi ba. Madam ta ce in je zaure in gaya wa Gwaggo lokaci na tafiya. Na tarar da ita durƙushe gefen tabarmar Alhaji Bala, an kira shi daga shago. Dattijo ne mai nutsuwa, carbi a hannunsa, ana ganin hankalinsa a tashe yake. Amma abin da yake cewa shi ne: “Asta, yarinyar nan na aurar da ita. Matar mutum ce, amana aka kawo mini. Yaya zan fitar da matar mutum zuwa asibiti ba da saninsa ba? A tambayi mijinta.”

Gwaggo ta riga ta kira mijin. Ranar kasuwar Bibemi ce, yana can da albasarsa. Amsarsa ita ce: “Gwaggo, tana gidan Baba. Ni wane ne da zan ba da umarni a gidan Baba? Duk abin da ya ce shi ne.”

Kowane ya miƙa wa ɗaya, don girmamawa. Gwaggo ta buɗe muryar waya ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu, ta ce to ga ku ga juna. Sale ya ji muryar surukinsa, sai ya shiga gaisuwa.

“Baba, ina wuni.”

“Lafiya lau, Salihu. Ya kasuwa?”

“Alhamdu lillahi, Baba. Ya gida, ya jama'a?”

“Lafiya lau. Ya hanya?”

“Lafiya, Baba. Ya ƙoƙari?”

Ba wanda ya iya ambaton sunanta. Uba na kunyar ya yi maganar ’yarsa da mijinta, miji na kunyar ya yi maganar matarsa da ubanta. Ni kuwa daga inda nake tsaye ina jin tarin, ya canza, ya zama mai ruwa-ruwa. Na ce, “Gwaggo, Madam ta ce yanzu.”

Gwaggo Asta ta yi shekara da shekaru tana zama a zaurukan mutane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafinta ta ce: “Alhaji, Salihu, ku gafarce ni, na yi muku tambayar da ba ta dace ba. Na daina tambayar wa ya yarda. Ga keke a ƙofa, za mu fita da ita yanzu, Hajiya za ta bi mu da jariri. In akwai wanda ya hana a cikinku, ya faɗa a gaban ɗan'uwansa, mu ajiye ta mu tafi.”

Ta ba su lokaci sosai, don kada a ce daga baya an yi musu wayo. A waya ba a jin komai sai hayaniyar kasuwa da wani yana cinikin buhu. Alhaji ya kalli carbinsa. Kunyar da ta hana kowannensu cewa a tafi, ita ta hana kowannensu cewa kada a tafi. Can Alhaji ya miƙe, ya naɗe tabarmarsa da hannunsa ya jingine ta a bango, hanyar zaure ta buɗe. Ya fita waje ya juya baya, don kada ya ga an wuce da ita.

Hajiya ta lulluɓe Ramatu da babban zane har kai, saboda iska da ido. Madam ta bar ta, ta buɗe wajen hanci kawai. A cikin keken ba a kwantar da ita ba. Ni na zauna a bayanta na buɗe ƙafafu, na rungume ta ta jingina da ƙirjina, in riƙe ta a zaune duk ramin da za mu faɗa. Madam na gabanta riƙe da wuyan hannunta. Hajiya da jariri a gefe, Gwaggo na bin mu a moto.

Ban san mutum na da nauyi haka ba. Kowane numfashinta ina jin sa a cikin nawa ƙirjin, gurgur, gurgur. Ta yi tari, wani abu mai ɗumi ya zubo mini a hannu, na duba na ga kumfa ce mai ja-ja. Madam ta gani, ta dube ni ta ce: “Kada ki kalli hannunki. Yi mata magana.” Tunda kanta a rufe yake, sai na shiga faɗa mata inda muke. Ga mai gyaran firiji. Ga masu kifi. Mun wuce masallaci. Ga wajen mai soya ƙosai da muke tsayawa in an tashi lise, kin tuna. Ban sani ba ko tana ji. Hajiya na ta salati, jaririn ko motsi.

A ƙofar babban asibiti mun tarar ana jiranmu da kujera mai taya, ba gado ba, domin Majo ya gaya musu ba ta kwanciya. Tukunyar iska na tsaye a shirye. Suka zo ɗaukarta, sai hannuwana suka ƙi buɗewa. Na ce musu na saki, ina ganin yatsuna a sarƙe a cikinta, sun ƙi jin magana. Wata malamar jinya ce ta ɓamɓare su ɗaya-ɗaya tana cewa, “Sa va, ya isa, ƙanwata, aikinki ya ƙare, namu ne yanzu.”

Sale ya iso da yamma, ƙura har gira, ya bar albasar a hannun maƙwabcinsa na kasuwa. Ya hango Alhaji zaune a benci, ya koma can ƙarshen baranda ya durƙusa. Gwaggo ce ta yi ta zirga-zirga tsakaninsu da abin da likita ya ce.

Ba zan ce muku na warware ba. Har yau in na shiga gida na ji ƙamshin dafaffen darbejiya, sai na nemi bango na dafa. Majo ya lura, ya ce in zauna a santar in auna jarirai na ɗan lokaci. Na ce lafiyata lau. Ya ce bai tambaye ni ba. Gwaggo ta kira ni ofishinta ta ba ni shayi, ba ta ce in yi magana ba, ni ma ban yi ba, muka zauna. Wannan ma cikin aikin yake. Amma na san abin da na iya, kuma na san abin da ba nawa ba. Na san ƙafar da ake dannawa, na san kalmomin da Madam ke jira a waya, na san in riƙe mutum a zaune. Ban iya abin da Gwaggo ta yi a zaure ba, ita ma ba ta iya allura ba. Tun daga ranar, duk mai jegon da ta tafi wanka wata unguwa, rale ɗin layin mijin na kiran rale ɗin layin iyayen kafin rana ta faɗi, ta ce ga ’yarku nan ta zo, ku karɓa. Majo biyu ne suka shirya haka a tsakaninsu.

Likita ya ce zuciyar Ramatu ta raunana, za ta daɗe tana shan magani, kuma ba maganar wani ciki nan kusa. Wannan zance ne da za a yi da Sale, kuma Madam da Gwaggo sun ce su biyu za su je, ba a zauren Alhaji ba.

Na koma duba ta bayan an sauke ta daga ɗakin masu tsanani. Na tarar da Hajiya Kande zaune a tabarma gefen gado, jariri a cinya, ga kofin kunu a rufe da faifai. Madam ta yarda mata da wanka, amma da ruwa mai ɗumi, kunu kuma ba kanwa ba gishiri. Na durƙusa zan fara gaisuwa, ta ɗaga mini hannu, ta nuna gadon da haɓa.

Ramatu na kwance. A miƙe, a kan bayanta, ba matashi ko ɗaya, baki a ɗan buɗe, hannu ɗaya ya zubo gefen gado. Ƙirjinta na hawa yana sauka ba sauti. Na miƙe, na daɗe a tsaye ina kallo.

Hajiya ta jawo gefen rigata ta zaunar da ni. Ta buɗe faifan ta miƙo mini kofin, ta yi magana a kunnena don kada ta tashe ta.

“Ɗanɗana ki ji abin da kuka sa nake dama wa jikata. Wannan ko akuya ba ta sha.”

Na kurɓa. Gaskiyarta ne, salam yake.

“Ta shanye na safe duka,” in ji ta, ta karɓe kofin ta rufe.